Kafin a kai Tawa: abin da bincike ya gano game da ceton rai cikin gaggawa

Lacca ce da aka gabatar a Birnin Ƙonni, gaban ma'aikatan lafiya, ɗalibai da shugabannin al'umma na Ƙonni, Malbaza da Illela.

Sarakuna iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Majoji da ungozomomi da kuka baro wuraren aikinku tun daga Bazaga, Dogarawa, Tajaye da Badagishiri, sannunku da hanya. Ɗalibai, barkanku da zuwa. Shugabannin ƴan kabu-kabu da direbobin tasha, ni na roƙa a gayyato ku, kuma kafin in sauka za ku ji dalili.

An ce in yi magana kan inda bincike ya kai wajen kula da majinyacin da ciwo ya kai shi gargara. Na san abin da ke faɗo wa mutum a rai in an ce haka: ɗaki mai sanyi a Yamai, na'ura tana yi wa mutum numfashi, wayoyi manne a ƙirjinsa. Ba na raina wannan ɗaki, ina ma a ce kowace jiha tana da irinsa. Sai dai manyan binciken da aka yi a Afirka cikin shekara ashirin ɗin nan ba can suka nuna mana ba.

A 2025 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wata ƙidaya da aka yi a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22. A kowane asibiti an ɗauki rana guda, aka bi gado-gado, aka auna kowane baligi da ke kwance: numfashinsa, iskar jininsa, bugun zuciyarsa, da ko yana cikin hayyacinsa. Mutum kusan 20,000 aka auna. Ɗaya cikin takwas an same shi rai kwakwai mutu kwakwai, kuma cikin waɗannan, ɗaya cikin biyar bai ƙara mako guda a duniya ba. Ina aka same su kwance? Kusan kashi 70 cikin 100 a ɗakin kowa da kowa suke, gado kusa da gado da mai jinyar ƙafa. Fiye da rabinsu ba su samu cikakken taimakon farko ba: oksijin ga mai haki, ruwa ga wanda jininsa ya faɗi, ko a kwantar da wanda ya suma a gefensa don kada harshe da amai su toshe masa numfashi. Ke nan mutumin da muke magana a kansa yana nan Ƙonni, yana Illela, a gadon ƙarshe kusa da taga, ko kan tabarma gindin dogonyaro yana jiran a buɗe ofis. Mafi yawan abin da zai yanke hukunci a kansa yana faruwa kafin a yi maganar tura shi babban asibitin Tawa.

Mu fara daga layi. A babban asibitin Balantaya da ke Malawi, Farfesa Elizabeth Molyneux da abokan aikinta sun lura cewa yara da yawa suna mutuwa ne a ranar farko, wasu ma a kan benci, saboda ana ganin mutane bi da bi yadda suka zo. Suka canza tsari: duk yaron da ya shigo a dube shi nan take, mai alamar haɗari a wuce da shi gaba. Mutuwar yaran da aka kwantar ta sauko daga tsakanin 10 zuwa 18 cikin 100, ta koma 6 zuwa 8. Shi ne tsarin da majoji kuka koya da sunan TETU. Abin da nake so in ƙara shi ne halinmu. Uwar da ta fito daga ƙauye tana da kara, ba za ta ratsa manya ta ce a duba ɗanta ba. Za ta zauna can baya, ta lulluɓe goyonta, yaro yana sanyi a bayanta tana tsammanin barci yake. Saboda haka ba majo kaɗai ya kamata ya san alamomin ba. Mai gadi da mai shara da mai yankan tikiti su ne ke fara ganinta. A koya musu abu huɗu: yaron da ke taune-taune, wanda ba ya farkawa in an taɓa shi, wanda haƙarƙarinsa ke lotsawa in ya ja numfashi, da wanda ya kasa kama nono. Kuma a ba su izinin ɗaga zane su duba.

Ido kuwa yana ruɗin mutum. Yaro zai iya rasa iska a jini, leɓensa bai nuna komai ba, balle a fatarmu. Ƴar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa, ko babban yatsan ƙafar jariri, ita ke faɗin gaskiya cikin minti ɗaya: in lamba ta sauka ƙasa da 90, oksijin ake buƙata. Ƙungiyar ALIMA ta gwada sa ta a ƙananan cibiyoyin lafiya na Nijar, Mali, Gine da Burkina Faso a ƙarƙashin shirin AIRE. Amma ku riƙe wani gargaɗi. A 2020 masu bincike a Mishigan ta Amurka sun nuna cewa na'urar kan ƙara wa baƙar fata maki, har ta ɓoye ƙarancin iska kusan ninki uku fiye da yadda take yi wa farar fata. In ta ce 92 alhali yaro yana haki, hancinsa yana buɗewa, ku yarda da yaron.

Gano ƙarancin iska ba shi da amfani in babu iskar. Injin tace oksijin wuta yake ci, kuma ba wanda ya manta halin da muka shiga a Agustan 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. A Yuganda an sa wa asibitocin karkara 20 injin oksijin mai aiki da hasken rana, sakamakon da aka buga a 2024 ya nuna mutuwar yara masu ƙarancin iska ta ragu da kusan rabi cikin kwana biyun farko. Mu da tashar hasken rana ta farko a ƙasar nan take Malbaza tun 2018, ba mu da bakin cewa rana ta yi mana rowa. A Bangaladash ma wani likita, Mohammod Jobayer Chisti, ya haɗa robar hanci da gorar sabulun wanke gashi mai ruwa a ciki. Yaro yana fitar da numfashi, ruwan yana ɓulɓula, matsin da ke komawa yana hana huhunsa rufewa. A gwajinsa da aka buga a 2015 mutuwa ta kasance 4 cikin 100, a kan 15 ga waɗanda aka ba oksijin yadda aka saba.

Yanzu ga inda zan taka sawun wasu. Duk wanda ya yi aiki a asibitin ƙasar Hausa ya san maganar nan: "Mun kwana can, ko ƙarin ruwa ba su yi masa ba." A wurin jama'a, leda a rataye tana ɗiga ita ce shaidar an kula da kai. Mu ma ma'aikata haka aka koya mana, a littattafan Turai da Amurka: yaro mai zazzaɓi mai tsanani, hannu da ƙafa sun yi sanyi, jijiya ta yi rauni, a buɗe masa ruwa da sauri. Shekaru ana yi, ba wanda ya taɓa gwadawa yadda ya kamata, don kowa gani yake abin a fili yake. Sai Farfesa Kathryn Maitland da likitocin Yuganda, Kenya da Tanzaniya suka gwada a kan yara 3,141, binciken da ake kira FEAST. Aka raba yaran ta hanyar ƙuri'a: wasu a antaya musu ruwa cikin awa ɗaya, wasu a bar shi yana ɗiga a hankali. Duka suna samun maganin zazzaɓi, maganin ƙwayoyin cuta, oksijin da jini in da buƙata. A farkon 2011 aka tsayar da binciken bai kai ƙarshe ba, domin waɗanda aka antaya wa ruwa sun fi mutuwa: fiye da 10 cikin 100 a kwana biyu, ɗaya ɓangaren kuwa 7.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne, a awar farko yaran da aka antaya wa ruwa sun fi kyan gani. Jijiya ta dawo, jiki ya yi ɗumi, mai jinya ya yi hamdala. Daga baya zuciya ta gaza. Da ido kaɗai ba wanda zai taɓa ganewa, sai da aka ƙirga dubbai. Masu ban ruwan albasa a Galmi sun riga mu sanin wannan: ba kowane yaushi ne na ƙishi ba, wani in ka ƙara masa ruwa saiwar ce za ta ruɓe.

Kada wani ya fita ya ce likita ya hana ƙarin ruwa. Binciken bai haɗa da masu gudawa da amai ba, bai haɗa da mai ƙuna ko mai zubar jini ba. Mai kwalara ruwa ne ransa, a buɗe masa har ƙarshe. Magana ce ta yaro mai zazzaɓi. Kuma irin yaran da ke cika mana gadaje daga Agusta zuwa Oktoba, tafin hannu fari fat, sau da yawa jini suke buƙata. A nan kuwa aikin ya koma kanku, iyayen ƙasa da malamai, domin ledar jini ba a ƙera ta a masana'anta. Na sha ganin uba da baffanni huɗu tsaye, an ce a ba da jini, kowa ya tuna yana da uzuri a kasuwa. Huɗuba ɗaya ranar Juma'a kafin damina za ta yi abin da mu ba mu iya ba.

Kan zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, magana ta ƙare tun 2010. An gwada allurar artesunat da kinin a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, artesunat ta rage mutuwa da fiye da kashi ɗaya cikin biyar. Akwai kuma na matsi da ake sa wa yaro ta dubura a ƙauye kafin a taho. Sai dai da aka bi sawunsa a Najeriya, Kwango da Yuganda, an ga iyaye da yawa in yaro ya ɗan farfaɗo sai su fasa tafiya, ciwon kuma ya dawo ya tafi da shi. Matsin nan guzurin hanya ne kawai, dole a ƙarasa asibiti.

Na zo kan abin da ya fi faranta mini rai, don a ƙasarmu aka yi shi, da hannun ungozomominmu. Daga 2015 zuwa 2020 Nijar ta bi wani tsari na tsayar da zubar jini bayan haihuwa a cibiyoyin lafiya na ƙasa baki ɗaya. Mataki uku ne. Na farko ƙwayar mizoprostol, wadda ba ta buƙatar firji. In jini bai tsaya ba, malamai ku yi mini afuwa, sai a ɗauko kwaroron roba, a ɗaure shi a bakin siririyar robar fitsari, a shigar cikin mahaifa, a ɗura masa ruwan ƙari har ya kumbura ya danne jijiyoyin da ke zuba daga ciki. In har yanzu da saura, sai rigar matsi: ana naɗe mace da ita daga idon sawu zuwa cibiya, tana tura jinin da ya rage zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa, a samu awannin da za a kai ta inda ake tiyata. Dokta Zeidou Alassoum da Dokta Anders Seim da abokansu sun buga sakamakon a 2023, bayan haihuwa fiye da miliyan ɗaya: mutuwar mata ta wannan hanya ta ragu da fiye da rabi. Ba safai duniya ke zuwa Nijar ɗaukar darasin likitanci ba, wannan karon ta zo.

A shekarar dai, wani bincike mai suna E-MOTIVE ya fito daga asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano ce ta ja ragamar ɓangaren Najeriya. Sun gano cewa in da ido ake kintace, kusan rabin masu zubar jini ba a ankara da su. Jini yana shiga zane, yana bin katifa, ana cewa "ai biƙi ne." Sai suka shimfiɗa wa kowace mai haihuwa leda mai aljihu da ma'auni. Da jini ya kai layi, ba a jira a ga ko wannan magani zai yi kafin a gwada wancan: murza mahaifa, oksitosin, asid taraneksamik, ƙarin ruwa da duba inda ya yage, duk a tare. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100. Ita ma jijjigar masu ciki, da aka shigar da magneziyom salfet asibitocin jihar Kano a 2008, mutuwa ta faɗo daga kusan 21 cikin 100 zuwa ƙasa da 3.

Ku riƙe sunan taraneksamik ɗin nan. Wasu ma'aurata ƴan Japan, Utako da Shosuke Okamoto, suka samar da shi tun farkon shekarun 1960, yana da araha, ba ya lalacewa da zafinmu. Aikinsa hana gudan jini narkewa. An gwada shi a kan mutum fiye da 20,000 da suka yi haɗari a ƙasashe 40, sakamakon ya fito a 2010, aka sake gwada shi a kan mata fiye da 20,000 masu zubar jinin haihuwa, sakamakon ya fito a 2017. Amsa ɗaya ce: yana ceton rai in an yi shi cikin awa uku. Kowane minti 15 da aka ɓata yana cinye kashi ɗaya cikin goma na amfaninsa, bayan awa uku kuwa babu sauran amfani, ga mai rauni ma yana iya cutarwa.

To mu yi lissafi. Mota ta kife ranar kasuwar Badagishiri, ko babur ya shiga ƙarƙashin motar siminti tsakanin Malbaza da Tsarnawa. A taru, a yi salati, a nemi mota, a yi cinikin mai, a iso likita mafi kusa, a rubuta takardar turawa. Daga Ƙonni zuwa Tawa fiye da kilomita 100 ne. Awa ukun nan ta ƙare a hanya. Ni a ganina babu hujjar ajiye wannan allura a babban asibiti kawai. Wurinta shi ne akwatin majo da cikin motar ɗaukar majinyata.

Ƴan kabu-kabu da direbobi, ga dalilin gayyatarku. Ku ne kuke fara isa. A arewacin Iraƙi da Kambodiya an koya wa ƙauyawa taimakon farko ga waɗanda nakiya ta tashi da su, mutuwa ta sauko daga kashi 40 zuwa 15 cikin 100. A Gana direbobin haya aka koya wa. Abin ba shi da yawa. Inda jini ke zuba, a ninke rawani ko riga a danna da ƙarfi, kada a ɗaga don leƙawa. Kada a zuba ƙasa, toka ko baƙin mai. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa ruwa ko madara, huhu suke tafiya. A ɗauke shi a miƙe, wuya da baya a tallafe. Kuma wani ya dubi agogon wayarsa ya riƙe lokacin da abin ya faru, don ita ce tambayar farko da za mu yi muku.

Saran maciji ma haka. Kububuwa ba ta cika kashe mutum nan take ba, jininsa take hanawa daskarewa, sai bayan kwana ɗaya ko biyu dasashi ya fara zuba, fitsari ya yi ja. Gwajinta kowane majo zai iya: a ɗebi jini kaɗan a zuba a kwalbar gilashi busasshiya mai tsabta, a ajiye ba a girgiza ba, bayan minti 20 a karkata ta. In jinin ya kwarara, dafi ya shiga, a nemi allurar kashe dafi. Likitocin Kaltungo a jihar Gombe, tare da Farfesa Abdulrazaq Habib na Kano, sun yi shekaru suna gwada irin allurar da ta dace da macizan yankinmu, domin wadda aka yi don macizan Indiya ba ta yi wa kububuwarmu aiki yadda ake so. Mai sayen magani a kasuwar iyaka ya kula da wannan. Ɗaurin igiya, tsaga da baƙin dutse kuwa ba su cire dafi, ƙafa suke jawo wa ruɓa.

Akwai kuma ciwon da likitocin tiyata na asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950, suka yi ta rubutu a kansa: hanjin yara da taifot ke hudawa. Yaro ya yi mako biyu yana zazzaɓi, ana ta ba shi maganin sauro daga mai tebur, rana ɗaya ciki ya kumbura ya ƙage. Daga nan sai wuƙa, kuma kowane kwanan da aka ƙara a gida yana rage masa rabo. Tun tsakiyar shekarun 2000 Nijar ta fara horar da likitocin gunduma su yi irin wannan tiyata da ta haihuwa, Farfesa Rachid Sani da abokansa suka nuna tsarin yana aiki. Amma likitan tiyata ba ya aiki shi kaɗai, sai da mai sa barci, da jini, da wuta, da wanda zai zagaya da dare bayan an fito. Binciken 2018 a ƙasashen Afirka 25 ya nuna majinyatanmu sun ninka na sauran duniya mutuwa bayan tiyata, alhali sun fi su ƙuruciya, kuma kusan duka ba a kan tebur suke mutuwa ba, a ɗakin kwanciya ne cikin kwanakin da suka biyo.

Saura kuɗin hanya. Tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, tiyatar haihuwa ma haka, amma man mota ba ya cikin kyautar. A jihar Doso, da nan jiharmu a Keita, an gwada ƙara dala ashirin kan kowane tikiti, a tara don man ɗaukar majinyaci, yadda ba za a tsaya ciniki da miji da tsakar dare ba. Magadan gari suna nan zaune, sun fi ni sanin yadda za a tsare irin wannan asusu daga hannaye.

Roƙona ga majoji ƙarami ne, alƙalami kawai yake ci. A rajistar gaggawa a ƙara gurbi uku: lokacin da ciwon ya fara ko haɗarin ya faru, lokacin da majinyaci ya taka ƙofa, da lokacin da aka yi masa abu na farko. A rubuta awa da minti, ba "da safe" ba. Ɗalibai su zagaya su tattara daga Yuli zuwa ƙarshen Oktoba, mu zauna bayan girbi mu ga a wace gaɓa Bazaga ke ɓata lokaci, a wace gaɓa Tajaye ke ɓatawa, don ba lallai ne su zo ɗaya ba. Mai gabatarwa ya ce akwai minti talatin na tambayoyi, kuma ina so ungozomomi su fara.